Tambayoyin Masu Karatu: Wane Inji Ya Dace da Motar Ɗaukar Kaya?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo suna magana ne kan injin da ya kamata mai neman motar ɗaukar kaya ta kasuwanci ya zaɓa. Mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua, kusan kowane mako nakan sauka Yamai in saro kayan masarufi, kuma idan lokacin albasa ne nakan tafi da ita. Kuɗin haya ya ishe ni, ina son in sayi mota mai rufi irin su Hiace ko Sprinter. Wasu abokaina sun ce kada in kuskura in sayi wadda ba ta gazuwal (dizal) ba, wasu kuma sun ce tunda gazuwal ya yi tsada, mai fetur ta fi. Wace ce gaskiya? (Daga wani Alhaji, Tahoua)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kowane ɓangare na abokanka yana da hujja, amma hujjar ɓangaren farko ta tsufa kaɗan, don haka sai an sake auna ta da farashin yau. Kafin watan Agustan 2022, ana sayar da litar fetur sefa 540, ta gazuwal kuma sefa 538, wato kusan kuɗi ɗaya, saboda haka duk wanda motarsa ke shan gazuwal yana cin ribar ƙarancin shan man gaba ɗaya. A wannan watan ne aka ɗaga gazuwal zuwa sefa 668 aka bar fetur inda yake, sannan a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage su biyun, fetur ya koma sefa 499, gazuwal ya koma sefa 618. Idan ka raba 499 da 618 za ka ga cewa sai injin gazuwal ya sha ƙasa da na fetur da kusan kashi 20 cikin ɗari kafin ma su yi kunnen doki a gidan mai. Abin da ya wuce wannan kashi shi ne ribarka.

Injin gazuwal mai lafiya yakan wuce wannan iyaka, domin litar gazuwal ta fi ta fetur ƙarfi, kuma injin yana matse iska sosai kafin ya ƙona mai, abin da ke sa ya fi amfana da kowane ɗigo. Bambancin yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a kan doguwar hanya, kuma yana ƙaruwa idan mota ta yi lodi. Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, kai kuma ka musanya su da na motar da za a nuna maka. Daga Tahoua zuwa Yamai ta Tsarnawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, zuwa da dawowa, ya kai kimanin kilomita 1,100. Motar fetur da ke shan lita 14 a kilomita 100 za ta sha lita 154, wato kusan sefa 76,800. Ta gazuwal da ke shan lita 10 za ta sha lita 110, wato kusan sefa 68,000. Ragin bai kai jaka tara, wato sefa dubu tara, ba a kowace tafiya, amma mai tafiya sau huɗu a wata zai tara sama da jaka ɗari huɗu a shekara. Ga irin aikinka, Alhaji, wanda tafiya ce mai nisa da kaya masu nauyi kowane mako, gazuwal ne ya fi, ko da farashinsa ya ɗara.

Akwai dalili na biyu da ya fi kuɗin mai muhimmanci a ganina, shi ne yadda injin ke jan kaya. Mutane sukan tambayi ƙarfin dokin inji, alhali abin da ke tayar da mota mai lodi daga tsaye, ya kuma hau da ita gangare, shi ne ƙarfin murɗawa da injin ke bayarwa tun yana juyawa a hankali. Injin fetur na Hiace mai lamba 2TR, mai lita 2.7, yana da ƙarfin doki kusan 150, ya fi injin gazuwal mai lamba 2KD mai lita 2.5 nesa ba kusa ba a kan takarda, amma sai an taka shi ya yi ƙara kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa, shi kuwa 2KD, mai turbo da ke cusa ƙarin iska cikin inji, yana ba da nasa tun daga ƙasa. Direban da ya taɓa hawa tuddan Adar wajen Keita ko Buza da mota cike ya san wannan bambanci a ƙafarsa da kuma a kulocinsa.

Sai dai kalmar gazuwal kaɗai ba ta isa amsa ba, domin injunan gazuwal iri biyu ne a kasuwarmu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin fetur da gazuwal. Akwai tsofaffi masu famfon mai irin na da, yawancinsu na ƙarfe zalla, irin su 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0 na Toyota, da OM601 da OM602 na Mercedes waɗanda ke cikin 308D da 310D da Sprinter 312D, da kuma injin lita 2.5 na tsohuwar Peugeot J5 wadda ƴan albasa da ƴan tumatir suka daɗe suna wahalarwa. Waɗannan ba su da gudu, suna da ƙara, suna hayaƙi, amma suna haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma da wuya ka shiga garin da ke kan babbar hanya ka rasa bakaniken da ya san cikinsu. Toyota ta ci gaba da sa 5L-E, wani samfurin 5L ɗin, a cikin sababbin Hiace da take kawowa kasuwannin Afirka shekaru da yawa bayan an daina karɓar irinsa a Turai.

Iri na biyu su ne waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansu, waɗanda za ka ga an rubuta musu D-4D a Toyota, CDI a Mercedes, HDi a Peugeot da Citroën, dCi a Renault, TDCi a Ford. Sprinter ta koma wannan tsari tun daga shekarar 2000, Hiace kuma samfurin da ya fito a 2004 ya zo da 2KD. Sun fi tsofaffin ƙarfi da ƙarancin shan mai da sauƙin tuƙi, amma suna tura mai da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu kimanin sau 1,350 zuwa sama da sau 2,000, ta cikin ƙofofin injekta, wato masu fesa mai cikin inji, waɗanda sirantarsu ta kusa ta gashin kai, kuma gazuwal ɗin da kansa shi ne ke shafe famfon da injektocin don kada su cinye juna. Ɗan ruwa ko ɗan rairayi a cikin man ya isa ya lalata su, gyaransu kuma ba na gindin bishiya ba ne, sai wurin da ke da na'urar gwaji.

Don haka shawarata ta dogara ne ga inda za ka riƙa shan mai da kuma wanda zai riƙa taɓa motar. Idan za ka iya ɗaure wa kanka da direbanka cewa ba za a zuba man jarka ko na kwalba ba, sai na gidan mai da aka sani, kuma za a riƙa canja matatar gazuwal a kan kari tare da zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasanta, to 2KD ko 1KD na Hiace, ko Sprinter CDI ta kafin 2006, za su yi maka aiki mai kyau a kan kwalta. Idan kuwa kana tunanin wata rana motar za ta riƙa shiga kasuwannin ƙauye, ko ta miƙa Abalak da Agadas inda taimako ke da nisa, kuma ka san ba kai ne za ka riƙa tuƙa ta ba, ka nemi 5L ko 312D mai lafiya, ka haƙura da rashin gudunsu. Kafin ka biya kuɗi, ka zaga wurin masu sayar da kayan gyara a Tahoua kanta, ba a kasuwar Katako ta Yamai kaɗai ba, ka tambayi famfon ruwa da bel da matatu da gasket na injin da kake so. Idan an ce maka sai an aiko daga Kano ko Lome, ka lissafa kwanakin da motar za ta yi a kwance cikin kuɗin sayenta.

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin yogot da ruwan leda a Yamai, kuma ina raba kaya ga shaguna daga Wadata zuwa Yantala da Harobanda. An kawo mini hoton wata Sprinter ƴar Turai ta shekarar 2017, tana da kyau ƙwarai, an ce ba ta shan mai. Ɗana ya ce akwai wani ruwa da ake zuba mata ban da gazuwal. In saya? (Daga wata Hajiya, Yamai)

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ɗanki ya faɗi gaskiya, kuma da zan ba ki amsa da kalma ɗaya da na ce kada ki saya, ba don motar ba ta da kyau ba, sai don ba irin aikinki aka ƙera ta dominsa ba. Dokokin hayaƙi na Tarayyar Turai sun tilasta wa masu ƙera motoci ƙara wasu na'urori a jikin salansa. Tun daga matakin da ake kira Euro 5, wanda ya fara aiki a 2009, kusan kowace motar gazuwal tana ɗauke da matatar da ke kama baƙin toka, wadda ake rubutawa DPF ko FAP. A matakin Euro 6, wanda ya game irin waɗannan motocin kaya zuwa 2016, an ƙara wani tanki na ruwan AdBlue, wanda haɗin yuriya ne kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, ana fesa shi cikin salansa don ya kashe gubar hayaƙin.

Matatar tokar tana tsabtace kanta ne ta hanyar ƙone abin da ta tara, kuma hakan yana bukatar zafin da ya kai kimanin digiri 600, wanda ba ya samuwa sai mota ta yi tafiya mai ɗan nisa ba tare da tsayawa ba. Motar da ke tsayawa a ƙofar kowane shago, ana kashe ta ana tayarwa, tana bin cunkoson gadar Kennedy da na Babbar Kasuwa, ba ta samun wannan dama. Sai matatar ta toshe, kwamfuta ta rage ƙarfin injin, gazuwal ɗin da take fesawa don ƙona tokar kuma ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ban da haka, an tsara waɗannan na'urori ne bisa gazuwal ɗin Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa da ke cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma suna bukatar baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka. Shi kansa AdBlue ba ya son ajiya a zafin da ya wuce digiri 30, ke kuwa kin san abin da Yamai ke yi a watan Afrilu da Mayu. Idan ya ƙare ko na'urarsa ta samu matsala, motar takan fara ƙirga miki sauran tashin da ya rage mata, daga nan ta rage gudu ko ta ƙi tashi sam.

Za a ce miki ana cire waɗannan abubuwa duka, kuma gaskiya ne ana yi. Amma cirewar ba ta tsaya ga yanke ƙarfe ba, dole a sake rubuta umarnin kwamfutar, kuma idan wanda bai ƙware ba ya yi, fitilun gargaɗi ba za su daina kunnuwa ba, injin kuma zai riƙa shiga halin rage ƙarfi ba gaira ba dalili. Ko an yi daidai ma, kin biya kuɗin sabuwar fasaha ne kika mayar da ita tsohuwa, hayaƙin kuma ƴan unguwarki da masu sauke miki kaya ne za su shaƙa.

Ga aikin cikin gari, lissafin da muka yi wa Alhaji na Tahoua yana juyewa. Motar da ke yin kilomita 50 a rana, kwana 26 a wata, ta yi kilomita 1,300, kuma da waɗancan alƙaluman misali ragin gazuwal bai wuce kusan jaka goma a wata ba. Gyara ɗaya na injektoci ko na turbo zai iya haɗiye ragin shekara guda ko fiye. Hiace mai injin fetur, 2TR ko waɗanda suka gabace shi irin su 1RZ da 2RZ, ita ce ta dace da ke: tana tashi nan take, ba ta damu da gajeruwar tafiya ba, sarƙa ce ke daidaita bugun injinta ba bel ba, kuma fulogi da matata su ne yawancin abin da za ta riƙa nema. Abu ɗaya da zan ja hankalinki a kai shi ne nauyin ruwan leda, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma mota takan cika nauyinta tun ba ta cika cikinta ba. Ki kuma tuna da ƙarancin fetur da aka yi a watan Maris na 2025, lokacin da layuka suka yi tsawo a gidajen mai. Matatar ɗanyen mai ta SORAZ da ke Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ta fi fitar da gazuwal a kan fetur, bukatar fetur ɗin gidan mai kuma ta ƙaru tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 man ruwa-ruwa, wato wanda ake shigowa da shi ta bayan fage, ya daina araha. Wannan ba zai sa in canja shawarata ba, amma ya isa ya sa ki hana direbanki barin tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Tambaya: Malam, ni direba ne. Maigidana yana son ya sayi mota mai ƙaramin inji don kada ta sha mai, ni kuma na san lodin da muke yi. Ta yaya zan fahimtar da shi? (Daga wani direba, Tahoua)

Amsa: Malam direba, ka nuna wa maigidanka wannan shafi, amma ka sani rabin amsar a kansa take, rabi kuma a kanka. Ƙaramin inji yana rage shan mai ne idan motar ba ta da nauyi. Da zarar an cika ta, direba zai riƙa danne totur har ƙasa, yana riƙe ƙaramar giya, injin yana aiki a iyakar ƙarfinsa sa'o'i da yawa cikin zafin da ya haura digiri 40, kuma a ƙarshe man da ya sha zai kai na babban injin ko ya wuce, ga zafi da cin kuloci a kai. A motocin Mercedes lambar da ke jikin ƙofa tana faɗin komai: adadi na farko yana nuna ajin nauyi, biyun ƙarshe kuma ƙarfin doki ne idan an ninka su sau goma. Wato 308 mota ce ta tan uku da rabi mai doki kusan 80, 313 kuma nauyinsu ɗaya amma dokinta kusan 130. Ga mai lodi da doguwar hanya, 311 ko 313 ita ce tsaka-tsaki mai kyau. Mai silinda shida, OM642 mai lita 3.0, tana da daɗin tuƙi, amma shan manta da tsadar kayanta sun fi ƙarfin yawancin ƙananan ƴan kasuwa.

Naka rabin kuwa shi ne lodin da ka ambata. Tan uku da rabi da aka rubuta a katin mota ya haɗa da nauyin motar kanta, wanda yakan kai tan biyu ko fiye, da mai da mutanen da ke ciki, saboda haka abin da ya rage na kaya bai cika wuce kilo 1,200 zuwa 1,500 ba, na Hiace kuma kimanin tan ɗaya ne. Babban buhun albasar Galmi yakan wuce kilo 100, don haka buhu goma sha biyu ko sha uku sun kai iyaka. Na san abin da ake ɗorawa a tasha ya ninka wannan, kuma na san ana ƙara ganyen sifirin a baya don motar ta daina zama, amma ƙarin sifirin bai ƙara wa birki ko taya ko lagireto komai ba. Idan kayan maigidanka kullum suna kai tan biyu ko uku, abin da yake bukata shi ne mota mai tayoyi biyu-biyu a baya irin 413 ko 515, ko ƙaramar babbar mota irin Canter ko Dyna, kuma babu girman injin da zai maye gurbin wannan.

Tambaya: Tunda yawancin motocin nan na hannu ne, wasu ma sun yi shekara ashirin, yaya mutum zai gane injin da ke da sauran rai kafin ya biya? (Daga wani malamin makaranta mai shirin ritaya, Yamai)

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi sauran amfani, domin 5L da ya gaji ya fi 2KD mai lafiya sharri, duk abin da muka faɗa a sama. Kada ka dogara da adadin kilomitan da agogon mota ya nuna, saboda mayar da shi baya ba wuya ba ne. Motar kaya da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki a Turai, aka ce maka kilomita dubu ɗari da ashirin kawai ta yi, sai ka dubi sitiyari da robar feda da kujerar direba ka ga ko sun yarda da wannan magana, ka kuma nemi takardun gyara ko ƴan takardun juyen mai da ake mannawa a jikin ƙofa ko cikin bonet.

Ka je da sassafe tare da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar ya kwana a sanyaye, domin inji mai rauni yakan ɓoye halinsa idan an riga an ɗumama shi. Mai lafiya yana tashi da bugu ɗaya ko biyu, ya ɗan yi hayaƙi ya daina. Shuɗin hayaƙi da bai yanke ba yana nuna injin na ƙona baƙin mai, ko dai zobban fistin sun cinye ko turbo na yoyo. Farin hayaƙi mai kauri bayan injin ya yi zafi, tare da kumfa da ke tasowa a ruwan lagireto, alama ce ta gasket ko tsagewar kan inji, wanda shi ne ciwon da ya fi kama injunan da aka taɓa bari suka tafasa. Baƙin hayaƙi kuwa sau da yawa daga injektoci ne ko toshewar matatar iska. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai injin yana aiki, ka ɗora shi a sake a kan bakin: idan iska tana cilla shi sama tana fitar da hayaƙi kamar tukunyar da ke tafasa, matsin injin ya tafi, kuma buɗe shi ba nisa. A Sprinter CDI ka sa a cire murfin robar da ke saman injin a duba gindin injektoci, domin idan wanshinsu na tagulla ya saki, wani baƙin abu mai kama da kwalta yakan taru a wurin har ya ƙame su, kuma fitar da su daga baya aiki ne mai cin rai.

Bayan wannan sai gwajin hanya, kuma kada ya zama zagayen unguwa da mota wayam. A ɗora mata nauyi, a fita da ita kan hanyar Doso ko ta Tilaberi har allurar zafi ta zauna, a ga ko za ta tsaya a tsakiya. Idan allurar ba ta tashi ko kaɗan, wataƙila an cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa, al'adar da kanikawanmu da yawa ke yi da sunan taimakon inji a ƙasar zafi, alhali tana hana injin kaiwa zafin aikinsa, tana ƙara shan mai, wani lokaci kuma ana yin ta ne don a rufe matsalar lagireto. Idan motar mai kwamfuta ce, a sa mata na'urar bincike bayan an dawo daga gwajin, ba kafin a fita ba, don laifuffukan da aka goge su samu damar sake bayyana.

Ranar da ka saya, ka ɗauka cewa ba a taɓa yi mata komai ba. A juye baƙin mai, a canja matatu duka, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya da ke barin ƙanzo a cikin bututu, kuma idan injin mai bel ne, irin 3L da 5L da 2KD, a canja bel ɗin nan take, domin tsinkewarsa a kan hanya yana haɗa fistin da bawul. A ƙurarmu, musamman lokacin hunturu, juyen mai a kowace kilomita 5,000 ya fi dacewa da dogon wa'adin da aka rubuta don hanyoyin Turai.

Tambaya: Ina da Hiace mai fetur da injinta ya mutu. An ba ni shawarar in sa mata injin gazuwal na kwance. Yana yiwuwa? (Daga wani mai gidan burodi, Tahoua)

Amsa: Yana yiwuwa, Alhaji, kuma ana yi, amma aikin ya wuce sauke inji a ɗora wani. Injin gazuwal yana juyawa a hankali fiye da na fetur, saboda haka giyar da aka tsara wa fetur da haƙoran akusul na baya ba lallai su dace da shi ba, sai ka ga motar tana kuka a gudun kilomita 80 tana shan man da aka yi canjin don a rage. Yana kuma bukatar lagireto da batir da suka fi na da girma, da wayoyin fulogin ɗumama inji, da matatar mai mai raba ruwa, da wanke tanki da canja bututun mai, da famfon iskar da ke taimakon birki, domin injin gazuwal ba ya samar da wannan zuƙar da kansa yadda na fetur ke yi. Idan za a yi, a sayo inji da giyarsa tare daga mota iri ɗaya, kuma a tsaya ga mai famfon ƙarfe irin 3L ko 5L, saboda dasa mai kwamfuta yana nufin dasa wayoyinsa da kwamfutarsa da makullinsa duka. Sannan katin motar yana ɗauke da irin man da take sha, don haka sai an je an gyara takardu, in ba haka ba za ka sha tambaya a wurin binciken lafiyar mota da wurin inshora ranar da wani abu ya faru.

Tunda burodi kake rabawa, kaya marasa nauyi a cikin gari da ƙauyukan kusa, ban ga abin da wannan wahala za ta ƙara maka ba. Ka nemi injin fetur irin wanda ya mutu, a gwada matsinsa a gabanka kafin a sauke shi daga shago, a rubuta maka sharaɗin mayarwa idan ya yi hayaƙi ko ya ci mai cikin makonnin farko, kuma kafin a ɗora shi a binciko abin da ya kashe na farkon, domin idan toshewar lagireto ce ko mataccen famfon ruwa, sabon ma a nan zai tsaya.